Ruwan Sha'ir a Hindawiyya

Na yi ritaya daga aikin kwastan da suna mai kyau da kuma hancin da nake alfahari da shi. Da wannan hanci na shiga gidan Alhaji Bukar a unguwar Hindawiyya ta Makka, ni da ƙanena, nema wa ɗana auren 'yarsa.

Kafin a buɗe magana aka kawo mana abin sha baƙi wuluk, da kumfa a samansa. Na kurɓa, na ajiye kofin a hankali, na miƙe tsaye.

Na ce, "Alhaji, wannan giya ce. Ga ƙamshin gasasshen sha'ir, ga ɗacin ganye da ke maƙalewa a bayan harshe, ga kumfar da ba ta kwanciya. Kuma ba ta gama-gari ba ce. A ƙasa mai tsarki!"

Ƙanena ya ja bakin rigata. Fuskar mai gida ta sauya, na ga auren yana sulalewa. Alhaji Bukar ya sa aka kawo kwalbar: ruwan sha'ir ne marar sa maye, wanda ake sayarwa a kowane kanti.

Sai yayansa, wani dattijo, ya gyara zama. "Ya Shaikh, mu a Makka aka haife mu, ba mu san ta ba. Kai a ina ka ƙware haka?"

Na ce kamawa kawai nake yi a bakin iyaka. Dariyarsu ce ta ceci auren.

Yanzu har da jikoki, amma ko shayi aka kawo, sai Alhaji Bukar ya ɗaga hannu: "A dakata, gwani bai ɗanɗana ba."