Barkono Ta Rasu, Tseren Asabar Na Nan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ido a bushe, Uzairu mai keke na Anguwan Rogo yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da masu dariya a ɓoye, rasuwar Barkono, jar motarsa ta wasan tsere a shagon gem na Oga Alphonsus da ke Tina Junction.

Marigayiyar ta zo duniya da taurin kai. Ka murɗa sitiyari a kwana, hancinta ya miƙe ɗoɗar sai ta rungumi shinge. Kowa ya ce mugun iri ce, a canja ta. Uzairu ya ce ina, ba a yar da ɗa don ƙiriniya. Ya sassauta mata sifirin na gaba, ya ɗaure na baya, ya rage iskar tayoyin gaba, ya mayar da ƙarfin birki baya kaɗan. Wata rana ya wuce gona da iri, bayanta ya riƙa zamewa har 'yan benci suka kwanta da dariya. Ya koma ya rage. A haka ta nutsu, ta zama mai ladabi da biyayya, tana shan kwana ƙiiii ba ta taɓa ciyawa. Duk wanda ya ji wannan ƙiiii ya san an wuce shi.

Ba ta yi jinya ba. Ranar Talata Oga Alphonsus ya ga 'yan ƙwallo sun fi yawa a benci, na'ura kuma ta cika, sai ya share duk abin da aka adana don sabon gem ɗinsu ya samu wuri. Shago nasa, na'ura tasa, amma haba Oga, ko sallama? Uzairu ya buɗe garejin cikin gem ya tarar wayam. Ya ji ciwo, wallahi ya ji, har ya wuce Gada Biyu da fasinja tana ta ihun a sauke ta.

Ta rasu ta bar manyan yatsun Uzairu biyu marayu, da Somtochukwu mai kayan waya, wanda tun bara bai ga komai nata ba sai fitilun baya. Shi ne yanzu yake yawo yana cewa ƙarfin na mota ne, direba fanko ne, kuma tseren da suka sa ranar Asabar Uzairu ba zai leƙo ba.

To, ya buɗe kunne. Lambar saiti Oga ya share, bai share hannun da ya saita ta ba. Uzairu ya riga ya ɗauko ƙanwar marigayiya, ɗanya shar, hancinta na neman shinge kamar yayarta, ya kuma fara da sifirin na gaba.

Babu gawa, don haka babu makara. Za a yi zaman makoki ranar Asabar bayan La'asar a shagon Oga, benci na gaba na masu dariya ne, su zo da wuri. Mai makoki ya roƙi jama'a kada a yi masa gaisuwa da zarar an zo. Kowa ya riƙe ta'aziyyarsa har a gama zagayen ƙarshe, sannan a bi layi a miƙa wa Somtochukwu.