Farfesan Tabo da Shaddar Hajiya

Matso kusa ka zauna, yau labarin babban masani zan ba ka.

A duk unguwar Highbridge babu mai ilimin Malam Abdul-Fatawu, kuma shi da kansa ya tabbatar da haka. Aikinsa ninke kaya a gidan wanki, amma tun da ya tsinci wani tsohon ƙamus a kwandon shara, ya hana a kira shi mai wanki. Farfesan Tabo ke nan, gilashi a karan hanci.

Ranar Talata Aminatou ta faɗo shagon tana haki. Ta saci sa shaddar yayarta, Hajiya Salamatou, zuwa suna a Parkchester, manja ya ɗiga a ƙirji. Shadda ce galila, shuɗiya, ko ruwa ba ta taɓa gani ba. Gobe Hajiya za ta sauka daga Yamai.

"Malam, rufa min asiri."

"Ƙanwata, kin zo gidan ilimi! Wannan abu Bature ke kira blot. Kalma ce mai shekara ɗari shida. Da ita suke faɗin tawada ta ɓata takarda, da ita suke soke rubutu, da ita suke cewa mutum ya ɓata sunan gidansu."

"Malam, man yana bazuwa."

"Kar ki katse tarihi!"

Minti arba'in yana jawabi, har injin wanki uku suka gama juyi. Masu jiran kaya suka taru, Farfesa ya ƙara murya. Da ya ga idanu sun ishe shi, sai ya ɗaga wata farar jarka sama kamar kofin gasa.

"Wayyo, ai javel ne, ruwan da ke cinye launi!" in ji Aminatou.

"Ku 'yan Faransa, me kuka sani?"

Ya tsiyaya.

To, aiki ya yi kyau, kar mu hana masa haƙƙinsa. Shuɗin ya tafi sarai. Aka sami farin da'ira kamar faifai, a tsakiya kuma ga manja zaune daram, ko gezau bai yi ba.

Farfesa ya gyara gilashi, ya duba sosai.

"Kin gani? Yanzu mun san daidai inda yake."

Aminatou ta ɗaga waya ta ɗauke shi hoto, shi da jarka da shadda. Bawan Allah har da gyara hula yana murmushi.

Kai da ke saurare, wa za ka fara yi wa jaje gobe?