Sukarin Ɗan Fari

"...to ina gajiyar kasuwa, bawana? Ko gaisuwar ma ta rame?"

Kalla ya ji muryar daga bayansa. Ranar kasuwar Sabon Gida ce, kuma da gangan ya wuce butiki huɗu, shagunan waɗanda suka san shi, ya je na biyar can ƙarshen layi, don kada wani ya tambaye shi me ya hana shi zuwa fada, dandalin abokansa, shan shayi. Ya sayi kwali uku na sukari, ya ɗaure bisa moto, wato babur ɗinsa. Bai lissafa da Sakina ba. Ɗiyar kawunsa ce, shi ɗan mace ita ɗiyar namiji, taubasai ke nan, kuma tun suna yara ba ta taɓa barinsa ya wuce da mutuncinsa cikakke ba. Tana zaune a rumfarta da kwano biyu, ɗaya na dafaffen wake, ɗaya na kwaɗon zogale.

"Gajiya ta bi lahiya, uwar ɗakin ƙudaje. Har yau ba ki saida waken da kinka dahwa da azumi ba?"

"Shina nan, kai nika aje ma. Matso in gan ka. Wa yas sato rigar Kalla yar rataya ga icce?"

"Zamani ne. Manyan mutane sun bar teɓa."

"Waɗanne manya? Bara in ka shigo kasuwagga, cikinka ka hwara sallama, kai ka iso daga baya. Yanzu zariyar wandonka ta kewaye ka har ta yi saura."

"Gara ni. Ke in kinka hau moto, tayar baya salati taka yi."

"Mijina bai yi kuka ba. Zamna, ga ruwa."

Ya so ya ce ba ya sha, amma harshensa ya bushe kamar tsohuwar fata. Ya shanye moɗa ɗaya, ta cika ta biyu, ya shanye. Da ta uku ta ƙare sai ya lura ta daina dariya, tana kallon maƙogwaronsa.

"Raƙumin Buzaye ma bai yi haka ba. Sukarin mi na wancan bisa moto? Biki kaka yi ba ka gayyace ni ba?"

"Na tsohuwa ne."

"Gwaggo Mairamu ba ta shan zaƙi, haƙori ɗaya gare ta, shi ma tana lallaɓa shi."

"To nawa ne. Ki kai ni jandarmeri su kulle ni."

Ya faɗa da ƙarfi fiye da yadda ya yi nufi. Mata biyu a rumfar kusa suka waigo. Kunya ta lulluɓe shi, ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. Haka yake yi kwanan nan. Magana kaɗan, sai zuciya ta taso masa kamar madara bisa wuta, ya yi tsawa, daga baya ya rasa inda zai sa fuskarsa.

"Muryar tana nan ashe," in ji Sakina. "An ce mini da ita kak kori masu cirar albasa ukku rana ɗaya. An ce matarka Bushira sai ta leƙa huskarka kahin ta aje tuwo. An kuma ce an ishe ka cikin rumbun albasa kana hawaye."

"Albasa ce."

"Albasar da ba a yanka ba? Lalle ta bana ta hi ƙarhi."

"Ke dai albasa ba ta yi halin ruwa ba. Kawu mutumin kirki, yah haihi rediyo."

"Rediyo ko ba rediyo ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙishirwa, rama, hwaɗa da kowa, rashin kwana. Kalla, da wanga ciwo nika kwana gida guda. Mijina Alhusaini shekara biyu shina ɓoyon shi, sai da anka cire mai yatsa biyu na ƙahwa kana yab buɗe baki. Mi lokotoron asibiti yac ce maka?"

Kalla ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya zauna bisa bencinta, ya rage murya.

"Ciwon sukari. Tun kahin damana, can asibitin mishan. Ya ba ni magani, ina sha a ɓoye. Ya ce in bar zaƙi, in riƙa tahiya da ƙahwa. Na hwaɗa mai ba rama ad damuwata ba, zuciyata ce. Ban son mutane, ban son gona, in na ji an yi sallama sai in ji kamar an aza mini buhu. Yac ce tare suke tahiya. In sukari ya hau, rai shi ɓaci. In rai ya ɓaci, sukari shi ƙara hawa. Kamar jakkai biyu ɗaure ga igiya guda."

"Kai na ukkunsu. An ce ka bar zaƙi, ka zo ka ɗauki kwali ukku."

Nan ne wurin da ya fi masa nauyi. Kalla ɗan fari ne. Shekara arba'in da tara mahaifiyarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa. Ba sa haɗa ido, ba sa hira, gaisuwa ce daga ƙofar ɗaki shi ke nan. Da ta ga yana ramewa ba ta tambaye shi ba, don ba a yi haka. Ta tashi da kanta ta dama fura, ta jefa ƙwaya bakwai na sukari, ta aika Bushira da ƙwarya. Kowace safiya haka. Sai ta zauna a bakin ɗakinta ta ba shi baya, tana sauraron ludayi har ya kankari gindin ƙwarya.

Ya bayyana wa Sakina wannan da kalmomi kaɗan, idonsa a ƙasa.

"Ƙaƙa zan maida mata ƙwarya cike? Ita kaɗai ce maganar da taka yi da ni."

Sakina ta dubi kwanoninta. Ta kori ƙuda daga kwanon wake, ta sake kora ko da ba ƙuda.

"To ka ji tata. Shekaranjiya ta zo gidana da sandarta. Ta ce sammu anka yi wa wancan. Ta ce kasuwa mai zuwa za ta saida tunkiyarta ta kai ga mai magani. Ta ce kuma bakwai bai isa ba, za ta maida shi goma."

Kalla ya rufe fuska da tafin hannu.

"Tunkiyar da taka kiwo don layya?"

"Ita. Uwa na kashe ɗa da so, ɗa na mutuwa da ladabi. In anka binne ka zan hwaɗa ma mutane, ga wanda kunya ta ci da ludayi."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi."

"To tashi ka hwaɗa mata."

"Ban iyawa, Sakina. In tsaya gabanta in ce hurarta ka ƙara mini ciwo? Gara ƙasa ta tsage."

"Ƙasar Adar dutsi ce, ba ta tsagewa don rago. Amma Allah ya yi maka gata, ya ba ka uwargijiya. Ni ba ni da kunyarka, ba ni da tata. Yanzu mu tahi gidan. In tsaya tsakar gida in zage ka tas, yadda na saba, ita tana ji. In ce ga bawana mai ciwon sukari, wanda lokotoro yah hana ma zaƙi, ya zamna shina lashe ƙwarya kamar mussa. Ba mai cewa na yi rashin ladabi, gadona ne."

Kalla ya ɗago kai a hankali.

"In ta ji zahi fa?"

"Za ta ji. Ta yi kukanta cikin ɗaki, gobe ta dama maka da nono tsura, ƙaramar ƙwarya. Hannu dai nata ne. Amma da sharaɗi. In na gama zagi, kai za ka ce gaskiya ne, da bakinka, yadda ita da Bushira za su ji. In ka yi shiru zolaya ce kawai, gobe goma za ka sha."

"Kalma biyu."

"Ka kori mutum ukku da kalma ɗaya."

Ya zauna yana juya kalmomin a bakinsa kamar mai gwada sabon goro. Sai ya tashi ya kwance kwalayen, ya mayar wa mai butiki, ya dawo yana share zufa. Sakina ta riga ta bar wa maƙwabciyarta kwanonin, ta yafa gyale.

"Saura ladata. Buhun albasa, babba."

"Ke da za ki zage ni gaban uwata, ni kuma in biya?"

"Zagi mai magani ba ya araha. Daga nan kuma hwada zan kai ka, in ce su riƙa zuba maka naka shayin kahin su sa sukari, tsohonsu ya dawo."

"Rabin buhu. Wadda ta hwara tsiro."

"Cikakke, ko in ƙara da labarin rumbu."

Dariya ta kuɓuce wa Kalla, har sai da ya dafa moto. Ya goge ido da hannun riga.

"Cikakke. Hau, uwargijiyata. Ki dai zamna a hankali, tayar baya marainiya ce."