Ba'amurken Jarwal

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗaura katifa a kafaɗa na shiga filin ƙwallo ba. Har gobe akwai tsofaffi a Jarwal, unguwarmu ta Makka, da ba su san sunana na yanka ba, Ba'amurke kawai suke ce mini, alhali ni ko Jidda sai da na yi gemu na taka ta. Gara in ba ku labarin da bakina. Idan waɗancan tsofaffin suka ba ku, wajen dariyar kawai za su faɗa, su tsallake sauran.

Abin ya faru ne kafin a fara rushe gidaje don faɗaɗa Harami. Mu Hausawan da aka haifa a nan muna da ƙungiyar ƙwallo tamu, muna buga ta a wani fili mai tsakuwa a bayan unguwa, yawanci ba takalmi. (Na ce "muna buga ta". Ƙarya nake. Ni ban taɓa sa wa ƙwallo ƙafa ba. Ɗinkin katifa ne sana'ata, ga ni da tumbi tun ina saurayi, nawa aikin a ƙungiya shi ne baki.) 'Yan wasan kusan dukkansu 'yan garuwa ne da 'yan dako. Wanda ya fi kowa a cikinsu kuwa ƙanina ne, Isa.

Dole in yi muku bayanin aikin Isa, in ba haka ba ba za ku gane girman wautata ba. Ruwa yake ɗauka daga bazan, wato matarar ruwan unguwa, garwa biyu a rataye da sanda a kan kafaɗa, ya hau da su benayen nan masu tsawo. Kowane gida da ɗan garuwansa. Gidajen da Isa ke kai wa ruwa, aikin kai musu ruwan gadon mahaifinmu ne, kuma abincin shekara a mausim ake samunsa, lokacin da alhazai suka cika kowane ɗaki har saman soro. Idan ɗan garuwa ya ɓace a mausim, mai gida ba zai jira shi ba, wani zai ɗauka, kuma ba a komawa baya. Ga matar Isa da tsohon ciki a shekarar. Kafaɗar nan tasa ce ke riƙe da gidanmu, har da ni mai tumbin.

Shi ya sa Baba Tanko, tsohon da ke horar da ƙungiyar, yake da doka guda. Da zarar an ga watan Zulƙida sai ya ɗauke ƙwallon ya kulle a akwatinsa, ba mai sake ganinta sai alhazai sun watse. To, Allah ya yi wa Baba Tanko rasuwa bayan ƙaramar Sallah. Ko sadakar bakwai ba a yi ba muka fara cacar baki a kan wanda zai gaje shi.

A gahawar Ammi Sale, wato shagon shayinsa, ake yin ta, kullum bayan la'asar, shayi na hucewa a gabanmu ba mai kula shi. Mutum biyu ake magana. Na farko Ustaz Ɗahiru, Bahaushe ne da iyayensa suka biyo ta Sudan, ya buga ƙwallo a can da takalmi na gaske, mutum mai sanyin magana. Na biyu Kawu Haruna, ƙanin Innarmu, wanda bai daɗe da dawowa daga gabashin ƙasar ba, inda ya yi aiki a sansanin Amurkawan kamfanin mai. Shi ke yayyafa wa filin wasansu ruwa, shi ke wanke musu kayan wasa. Ku tuna fa, wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, don haka kaf gahawar nan babu wanda ya taɓa ganin Ba'amurke da idonsa. Motocinsu muke gani, mu ce lallai masu ƙera wannan ba abin da ba su iya ba.

Ni na ɗauki tutar Kawu. Kuma ina da hujja, ko in ce ina da haushi: 'yan unguwar da ke maƙwabtaka da mu sun daɗe suna lallasa mu, ba da iyawa ba, da ƙarfin tsiya.

"Ya jama'a," nake cewa ina dukan benci, "wasan Ustaz wasan lallaɓa ne. Mun gaji da lallaɓa! Ga mutumin da ya ga horon Amurkawa da idonsa, ku kuna neman mai koya muku rawa?"

Ammi Sale ya ce, "Ya walad, kai yaro, wanke riga ya yi musu, ba koya musu ya yi ba."

"Ko wanke rigar ai a kusa da su ya yi. Kai fa, me ka wanke musu?"

Aka kwashe da dariya, ni kuma na ƙara kumbura. Gahawa ta rabu biyu, har akwai waɗanda suka daina gaisawa. Wani mahauci ya rantse ba zai ƙara sayar wa magoya bayan Ustaz hanta ba. (Ya cika alkawari kuwa, har sai da hantar ta fara yi masa kwantai.)

Abin takaicin, Kawu Haruna da kansa bai nemi aikin ba. Ranar da na jawo shi gahawa, ya zauna a takure ya ce, "Ni fa ku ji tsoron Allah. Tasu ƙwallon daban ce. Doguwa ce, a hannu suke rungumarta su ruga, sauran su bi mutum su kayar. Horonsu karo ne, kafaɗa da kafaɗa, kamar raguna. Kuma suna sa wani abu mai kauri a kafaɗa da hular ƙarfe."

Da mai hankali ne ya ji haka, da ya yi shiru. Ni sai na miƙe tsaye.

"Kun ji ko? Karo! Abin da muka rasa ke nan. Ƙwallon mu riƙe tamu, horon mu ɗauki nasu. Abin kafaɗa kuwa, wa ya fi ni sanin auduga a garin nan? Ni zan ɗinka wa kowa nasa."

Da wannan na ci gardamar. Ba wai na fi su gaskiya ba, na fi su murya ne, kuma mutane sun gaji. Ustaz Ɗahiru ya shanye shayinsa ya ce Allah ya sa alheri, ya tafi.

Kafin mu gama wannan shirme watan Zulƙida ya tsaya. Isa ya same ni a shago, ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa a hannu.

"Yaya, wata ya kama fa. Da Baba Tanko na nan da ya kulle ƙwallo."

"Baba Tanko ya tafi da akwatinsa. Sabon zamani muke."

"A bari mana sai bayan mausim. Ka san halin da ake ciki a gida."

Da a shagon na ba shi amsa da da sauƙi. A'a, sai na adana ta har yamma, na faɗa a gahawa a gaban kowa: wai gwanin ƙungiyarmu tsoron karo yake ji. Isa ya sunkuyar da kai. Ni yayansa ne, ba zai musa mini a cikin mutane ba, kuma na san da haka lokacin da na faɗa. Da Inna ta ji, cewa ta yi, "Kai dai bakinka zai ja mana abin da ba za mu iya ɗauka ba." Na ce mata harkar maza ce.

Ranar horon farko unguwa ta fito kamar ana rabon nama. Har magoya bayan Ustaz sun zo, sun jeru a kan duwatsu suna jiran abin da za su gani. Kayan kafaɗar da na yi wa kowa alkawari kuwa, guda ɗaya tak na gama, don masu gidajen alhazai sun taso ni da aikin katifu. Wannan ɗayan ma ƙaramar katifa ce kawai na huda wa rami a tsaka, na sa mata igiya. Wa ya kamata ya sa ta? Mai hankali zai ce wanda kafaɗarsa ke ciyar da gida. Ni na zura kaina a ciki, wai zan nuna wa jama'a yadda ake yi.

Ku kwatanta ni a ranku: ƙato mai tumbi, zanen futa ɗaure a ƙugu, katifa a wuya, zufa na bin ƙafafuna tun ban motsa ba. Kawu Haruna ya jera 'yan wasa sahu biyu suna fuskantar juna, yana yi yana waige-waige kamar mai neman hanyar gudu. Ya ce to, wa zai kara da ni? Ba wanda ya fito. Na ɗauka tsorona suke ji. (Daga baya na gane kunya ce ta hana su.)

"Isa!" na daka masa kira. "Fito ka nuna musu ba tsoro kake ji ba."

Ya fito ya tsaya, hannuwansa a sake. Kawu ya ce, "Yalla, a fara." Na sunkuyar da kai na rugo da iyakar ƙarfina.

Ban kai gare shi da karo ba. Futata ce ta kwance, na taka bakinta, na tafi gaba ɗaya. Isa, maimakon ya kauce, sai ya miƙo hannu ya tare ni kada in faɗi a kan tsakuwa. Na faɗa masa da dukkan nauyina, muka zube tare, shi a ƙasa.

Katifar ta juyo ta rufe mini fuska, igiyar ta shaƙe ni. Duhu kawai nake gani. Sai na fara ihu: "Na makance! Wayyo Inna, na makance! La'ilaha illallah!" Ina birgima ina shure-shure, ba komai a jikina sai ɗan guntun wando, futata tana can baya a yashe. Filin nan ya ɗauki dariya, wasu har suna faɗowa daga kan duwatsu. Wani ya kwara mini ruwan garwa. Ammi Sale ne ya zo ya fizge katifar daga fuskata ya ce, "Buɗe idonka, ya Ba'amurke, duniyar tana nan."

Na buɗe. Ina shirin in yi dariyar ni ma, don a ce da ni ake yi, sai na ji dariyar mutane tana mutuwa daga gefe guda.

Isa ne zaune a ƙasa. Kafaɗarsa ta dama ta sauka, ta zama ba daidai da ɗayar ba, fuskarsa ta yi fari fat. Duk ihun da nake yi shi bai ko yi tari ba. Ya ja jiki ya ɗauko futata da hannun hagu, ya miƙo mini.

"Yaya, rufe jikinka. Mutane na kallo."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta wannan lokacin ba, kuma ba tsiraicin ne ya fi ƙona ni ba.

Maɗori ya ce ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa ne ya karye, kuma kada ya ɗauki ko buta sai bayan mausim da daɗewa. Matarsa tana kuka a ɗaki. Kawu Haruna ya kasa shiga gidan, ya tsaya a waje yana salati. Inna ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na ji sauƙi. Sandar Isa ta ɗauko da garwa biyun, ta ajiye a gabana.

"Gidajen ubanku ne," ta ce. "Gobe da asuba suna jiran ruwa."

Haka na shiga layin bazan, ni da ban taɓa ɗaukar abin da ya fi buhun auduga nauyi ba. 'Yan garuwa suna da kanta a kafaɗa, fatar ta yi tauri tun suna yara. Ni tawa a ranar farko ta saɓule. Da na rasa yadda zan yi, sai na koma na ɗauko katifar nan tawa na ɗaura a ƙarƙashin sandar. Ina isowa layi wani ya ce, "Ku ba Ba'amurke hanya, ya zo horo!" Daga ranar sunan ya zauna.

Na yi iya yina, Allah ya sani. Amma ina hawa bene ina haki, rabin ruwan na zubewa a matakala, alhazai na jiran alwala, masu gida na yi mini tsawa da Larabci da harsunan da ban sani ba. Kafin a hau Arfa manyan gidajen duk sun ɗauki wasu. Ƙananan kawai na iya riƙewa. A cikin wannan hali matar Isa ta haihu, aka yi suna ba armashi.

Ƙashin ya ɗoru a karkace. Isa bai ƙara ɗaukar garwa ba, bai ƙara buga ƙwallo ba. Ya dawo shagona, na koya masa ɗinkin katifa, ya kuma fi ni iyawa. Kawu Haruna ya koma gabas ba sallama. Ƙungiya ta koma hannun Ustaz Ɗahiru ba tare da an yi gardamar ko rabin kofin shayi ba, kuma abin da ya fara nema shi ne akwatin Baba Tanko.

Yanzu jikokina kan zauna gaban talabijin suna ta da jijiyar wuya a kan wane mai horarwa aka ɗauko, wane ya kamata a kora. Wani lokaci su juyo su ce, "Jaddi, kai me ka gani?" Sai in ce musu ni na yi ritaya, ra'ayina na ƙarshe a harkar ƙwallo ya ci mana gidajen gado. Abin da na koya bai da yawa: idan gardama ta yi mini daɗi a baki, nakan tsaya in duba kafaɗar wa za a ɗora wa abin da nake faɗa, don ba kasafai take zama tawa ba.

Isa bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa. Yana nan da ransa, mun tsufa tare, sahu ɗaya muke tsayawa a masallacin unguwa. Idan liman ya yi kabbara muka ɗaga hannu, nasa na dama ba ya kaiwa kunne, a ƙirji yake tsayawa. Kuma kullum a gefena yake tsayawa, don har yau shi ke riƙe ni in zan miƙe.