Farantin Goro da Hammatata

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren 'yar ƙanwata a unguwarmu ta New Bell a Douala ba. Ni mutum ne mai son tsari. A unguwarmu ni ke raba goro bayan an shafa fatiha: dattawa tukuna, sannan baƙi, sannan samari. Ni ne kuma mai yi wa matasa faɗa kan wanka da wanki (warin gumi ba na yafe shi ko ga ɗan limami).

Abin da ba wanda ya sani shi ne, na yi shekaru ina fama da maruru a hammata. Ya fito, ya fashe, ya bar tabo, wani ya tsiro kusa da shi. Na ɗauka ƙazanta ce, in kuwa aka ji, wa zai sake sauraron faɗana? Sai nake jinyarsa a ɓoye, ita ma bisa tsari: in gasa da ruwan zafi, in matse, in liƙa auduga, in kwarara turare.

Ranar na sha farar shadda, zafin Douala kuwa kun san shi. Ana shafa fatiha samari suka yo kan farantin goro.

"Ku ja da baya! Ba a zo kanku ba!"

Ko a jikinsu. Sai na ɗaga farantin sama da kaina, hannu biyu.

Nan take na ji abu ya fashe. Auduga ta sulale, mugunya da jini suka bi gefen riga, wari ya danne turare. Samarin da tsawata ta kasa korawa suka watse da kansu. Ni kuma na ƙame da faranti a sama, don saukewar ta fi ɗagawar ciwo.

Taubashina Ɗanladi ya toshe hanci. "Kai, Alhaji! Ashe kana da wannan makamin kake ɓata muryarka?"

Kawun ango, wanda likita ne, ya karɓi farantin ya ja ni cikin gida. Ya duba, ya tambayi tun yaushe.

"Alhaji, hidrosadénite ce wannan. Ba ƙazanta ba ce, kuma ba a ɗauka. Kumburi ne a tushen gashi, inda fata ke gogar fata. Matsar nan da turaren su ke ƙara tunzura ta. Tana tafiya tana dawowa, amma ana shawo kanta. Ka same ni a asibiti."

Na je, aka ba ni sabon tsari: ƙwayoyi na tsawon watanni, ruwan wanke wurin, riga mai sakin jiki, da rage tumbi (wannan na ƙarshen har yau muna kan tattaunawa). Abin ya lafa ƙwarai.

Har yanzu ni ke tsara rabon goro, dattawa tukuna, sai dai Ɗanladi ke riƙe faranti. Faɗan wanka kuwa na sassauta. Na ƙi ɗaga wa likita ɗaya hannu a ɗaki, ga shi na ɗaga wa New Bell gaba ɗaya.