Dokar Bakin Tafki

A Dajin Maje tafki ɗaya ne ba ya ƙafewa da rani, kuma tun kaka da kakanni ba a farauta a bakinsa. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa tambayar inda bakin tafki ya ƙare. Barewa takan sha ta ƙoshi, ta koma inuwa tana tuƙa, damisa na gefe yana haɗiyar yawu.

Da Zaki Gagarau ya hau karaga, ya ce abin kunya ne a ce dokar daji kamar nasu a bakin tsofaffi take, in sun mutu ta bi su. Ya naɗa kwamitin tattara dokoki a kundi guda. Wazirinsa, damisa Jatau, shi ne shugaba, tare da kuraye biyu da kada. Masu cin ciyawa, da suka fi kowa yawa, aka ba su kujera ɗaya ta sauraro. Beguwa Dela kuwa aka ɗauke ta magatakarda, tun da da alƙalumanta take yawo a baya.

Dela ta riƙi aikin da gaske. Damina biyu tana bin ramuka da kurmi, tana durƙusawa gaban tsofaffi, tana rubuta abin da suka gada a ɓawon itace. Dokar da kowa ya fara faɗa mata ɗaya ce: ba a taɓa mai rai a bakin tafki.

Jatau ya ce maganar ta yi sako-sako. Gobe zomo zai kwanta tafiyar yini daga ruwa ya ce a bakin tafki yake, masu cin nama su mutu da yunwa. Ya sa aka mayar da ita: ba a taɓa wanda bakinsa ke cikin ruwa. Dela ta ce ba haka tsofaffi suka faɗa ba. Aka tuna mata cewa hannunta aka ɗauka aiki, ba harshenta ba. Ta rubuta.

Ranar ƙaddamar da kundi Jatau ya miƙe a gaban taro ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki. Jama'ar Maje, daga yau zalunci ya ƙare. Babba da ƙarami, mai farce da mai kofato, kowa ƙarƙashin rubutu ɗaya yake, kuma rubutu ba ya son kai." Aka yi ta tafi. Waɗanda ba su iya karatu ba su suka fi tafawa.

Kwana tara bayan haka wata barewa, Tasalla, ta zo shan ruwa da ƙanwarta Lanti, wadda cikinta ya tsufa. Lanti ta ɗaga kai ta yi numfashi. Wata kura ta kama maƙogwaronta nan take, ƙafafun Lanti na gaba suna cikin ruwa.

Tasalla ta kai ƙara fada. Aka kira shaidu, sai ga kada ya fito, ya rantse cewa tsakanin bakin marigayiya da ruwa akwai taƙi guda cif. Jatau, wanda shi ne kuma alƙali, ya yi wa mai ƙara ta'aziyya mai daɗi, sannan ya sallami kura.

Tasalla ba ta durƙusa ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, da babu kundi muna sha mu koma gida. Kun tara maganar iyayenmu, kun fere ta daidai da haƙoranku, kun kira mu muka tafa muku. Wa ya taɓa shan ruwa bai yi numfashi ba?" Ta juya ga Dela ta roƙe ta ta faɗi abin da tsofaffi suka gaya mata. Dela ta sunkuyar da kai. Sarki ya ce abin da babu shi a kundi babu shi a daji, a kira ƙara ta gaba.

Washegari wani tsohon ɓauna, Mantau, wanda shi ne ya zauna kujerar sauraro damina biyu bai ce uffan ba, ya tara nasa da gwankaye da bareyi. Suka zagaye tafkin kafaɗa da kafaɗa, kowa ya tsoma baki cikin ruwa, hanci a waje. Ko ɗan ƙadangare ba zai sami wurin ratsawa ba. Taɓa su kuwa karya kundi ne, kuma ƙahonin ɓauna suna taimaka wa mutum ya tuna doka.

A rana ta uku harshen sarki ya bushe. Ya aiko cewa ya ji kukan talakawansa, za a gyara dokar, kowa ya koma kiwo. Tasalla ta roƙi Mantau kada su motsa sai an karanta gyaran a gabansu. Amma yunwa ta ci ƙarfin jama'a, raunana sun fara faɗuwa. Suka watse.

Kwamitin gyara ya zauna, Jatau na shugabanta. Gyaran layi ɗaya ne: duk wanda ya bar bakinsa cikin ruwa fiye da numfashi goma ya tare haƙƙin jama'a, jininsa ya halatta. Aka ce Dela ta rubuta. Ta zare alƙalamin ta karya shi biyu a gaban waziri, ta fita. Da yamma aka gan ta ita da Tasalla sun nufi kudu, inda ba wanda ya tabbatar akwai ruwa.

Ba a sha wahalar cike gurbinta ba. Aka ɗauko wata bushiya mai ladabi. Ƙayarta gajera ce, rubutunta ƙanana ƙwarai, don haka duk mai son sanin haƙƙinsa sai ya matso daf da waziri kafin ya iya karantawa.