Yadda Za Ka Koyi Ƙwallon Kwando Cikin Kwana Huɗu a Kebbe

Kai malamin makaranta da aka tura Kebbe shekara shida ke nan, mahaifiyarka tana Tambuwal idonta yana ta ja baya, ka cike takardar neman canjin wurin aiki har hannunka ya san hanya, zauna ka saurara. Ga dabara, kuma da kaina na gwada ta. Ina ba ka tabbaci cikin kwana huɗu za ka tsaya tsakiyar fili da usur a baki, gari ya kira ka gwani. Wanda ya bi ta bai yi suna ba ya zo Kebbe ya same ni. Ina nan kullum.

Mataki na 1: Ka ce ka iya

Labari zai zo cewa wata sakandare a Tambuwal tana neman malamin wasanni wanda ya san ƙwallon kwando. Shugabanta, Malam Sirajo, zai kawo ɗalibansa ranar Alhamis su kara da naku, kuma yana son ya ga mutum a kan aiki. Daga makarantar zuwa ƙofar gidanku tafiyar minti bakwai ce a ƙasa. Na auna.

Kai darasin addini kake koyarwa, kuma rabonka da gudu tun ranar da kare ya biyo ka a Dogon Daji. Kada wannan ya dame ka. Ka shiga ofishin shugabanku, Malam Ɗangiwa, ka gaishe shi sosai.

"Malam Gazali, kai ka san wanga wasa?" zai tambaye ka.

"Ranka shi daɗe, sani ai sai Allah. Amma muna taɓawa."

"To, kai ad da usur ran Alhamis."

Ka fito, ka yi istigfari sau uku, ka wuce aji.

Mataki na 2: Ka tambayi wanda ya sani, amma ka ce wani ne

Matarka Mu'minatu, wadda ke Tambuwal tana kula da Inna, ta yi wasan nan a makarantar 'yan mata. Ka hau tudun bayan makaranta, inda waya ke kama sabis in ta ga dama, ka kira ta. Ka ce wani abokinka ne ke son sani.

"Malam, abokin nan naka, ko shi ma darasin addini shika koyarwa?" za ta ce.

Ka yi tari. Za ta karanto maka, kai kuma ka rubuta a bayan takardar jarabawa. Mutum biyar ne kowane ɓangare. Ba a tafiya da ƙwallo a rungume, sai ana bubbuga ta a ƙasa. Wanda ya jefa ta cikin kwando ya ci maki biyu, in daga nesa ne uku. Zango huɗu ake yi, minti goma-goma. "In wani ya ture wani, ko ya doke mai hannu, sai ka busa usur, sannan ka..."

A nan sabis zai ɗauke.

Mataki na 3: Kada ka sake tambaya

Za ka sake kira da yamma, na sani. Amma Inna Marka ce za ta karɓa, don ta ji sunanka.

"Gazali, ɗazu wani babur yat tsaya ƙofar gida, nic ce kai na. Ashe mai kalanzir na."

Yanzu da ƙarar babur take gane ka, fuska ta gagare ta. Sai ka ji bakinka ya ce, "Inna, na kusa dawowa gaba ɗaya. Wanga mako za a gama magana." Za ta sa maka albarka mai tsawo. Bayan albarka irin wannan, ba ɗan halak ɗin da zai ce a miƙa wa matarsa waya ya tambayi ƙarshen dokar ƙwallo. Ka bari. Abin da ke bayan usur ba zai wuce hankali ba.

Mataki na 4: Ka cike gurbin da abin da ka gada

Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, shekara arba'in yana sasanta mutane a zaure: manomi da makiyayi, maƙwabci da maƙwabci a kan iyakar gona. Ka san tsarinsa. A zaunar da kowa. A ji ta bakin wannan, a ji ta bakin wancan. A kawo shaidu biyu. A yi musabaha, a shafa fatiha. Bai taɓa ƙwace abu daga hannun wani ya ba wani ba a gaban jama'a, don ya ce kunya ta fi rauni daɗewa.

Ture mutum dai ture mutum ne, a gona ko a fili. Ka rubuta wannan a ƙasan dokokin Mu'minatu.

Mataki na 5: Ka cire hula

A farkon wasa rafali yakan jefa ƙwallo sama tsakanin dogaye biyu. Ka jefa, ka ja da baya. Ni ban ja ba, a kaina ta sauko.

Mataki na 6: Laifin farko

Ba za a yi minti biyu ba Mannir, dogon ɗan wasanku, zai kai wa Siddiƙ na Tambuwal gwiwar hannu a haƙarƙari. 'Yan kallo za su miƙe. Ka tuna, shekara uku a jere wasan nan da jifa yake ƙarewa, bara har gilashin mota ya tafi.

Ka busa usur. Kowa zai tsaya yana kallonka, kai ma kana kallonsu. Ka ce su zauna.

Ka ji ta bakin Siddiƙ. Ka ji ta bakin Mannir. Ka nemi shaidu, ɗaya daga kowane ɓangare. Daga bakin fili Malam Sirajo zai ɗaga murya: "Malam, jifa biyu na! A ba yaro ƙwallo shi yi jifa biyu!"

"A yi haƙuri, ranka shi daɗe, shaida na biyu bai gama ba."

Ka tambayi asalin kowa, wannan wajibi ne. Za a gano kakar Mannir 'yar Dogon Daji ce, kuma ita ta goyi mahaifin Siddiƙ. Mannir zai sunkuyar da kai. Su yi musabaha, a shafa. Ƙwallo kuma ka ba wanda ya girmi ɗan'uwansa, shi kuma zai ce a'a, a ba ƙaramin. Wannan ma yakan ɗauki lokaci.

Mataki na 7: Ka ci gaba a haka

Laifi goma sha ɗaya na saurara ranar. An fara da hantsi, aka tashi da kiran azahar, zango na uku ko farawa ba a yi ba. Maki shida da shida. Zuwa lokacin ba wanda ke iya tare wani, don duk filin an zama dangi, kowa na kauce wa kowa hanya. Dattawan gari sun kawo tabarmi sun zauna suna gyaɗa kai. Ba a jefa ko tsakuwa ba, kuma ɗaliban makarantun biyu a faranti ɗaya suka ci shinkafa.

Za ka ji daɗi ƙwarai. Ka ji shi da kyau, don na ɗan lokaci ne.

Mataki na 8: Ka karɓi sakamako

Malam Sirajo zai riƙe hannunka da hannu biyu. "Malam, Allah shi saka da alheri. Ban taɓa ganin irin haka ba. Amma mu wanda yas san dokar muka nema."

Kafin ka buɗe baki Malam Ɗangiwa zai dafa kafaɗarka. "Ko sun so ka, wa ka ba su? Kai da Kebbe sai dai ritaya."

Washegari za a ba ka shugabancin kwamitin ladabtarwa. Mako na zagayowa mutanen gari za su fara kawo maka rigingimunsu, kuma ranar Asabar suke zuwa, ranar da kake hawa babur ka je Tambuwal. Na yi maka alkawarin suna, ga shi ka samu.

Mataki na 9: Ka hau tudu ka kira gida

Mu'minatu za ta ƙarasa maka maganar ran nan. "Sannan ka ba wanda an ka ture ƙwallo, in kuma jifa shikai, ka ba shi jifa biyu. Shi ke nan fa, Malam." Ka ƙirga kalmomin in kana so. Ni na ƙirga, ba su da yawa.

Sai Inna ta karɓa. "Sun ce ka iya?"

"Sun ce babu kamata, Inna. Shi ya sa sun ka riƙe ni."

Za ta ce, "To, madalla. Babanka ma haka mutane sun ka riƙe shi." Sannan za ka ji tana ce wa Mu'minatu a mayar da shimfiɗarta cikin ɗaki. Ashe tun ranar Alhamis a zaure take wuni, kusa da ƙofa, inda ake jin babur tun daga kwana.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin matakan nan, ko hula ce ta faɗi, ko girma ne ya hau mutum, ko alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa ne ya karye. Na ƙarshen yana da ciwo, ni har yau ina jin sa, kuma ban san zauren da ake kai ƙararsa ba. Dokokin wasa yanzu na haddace su tsaf, ba wanda ya sake tambayata. Mai ƙorafi ya same ni a Kebbe kowace rana, ban da Asabar ɗin ƙarshen wata. Ranar ina kan hanyar Tambuwal, kuma ba na gyara salansar babur ɗina, don ta jiyo ni tun daga nesa.